Rabon Fifiko Tsakanin Na'urorin da ke Katse wa Kwamfuta Hanzari

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Malumfashi, ya iso mararrabar Dayi inda hanyar Gwarzo da Kano ta ɓalle, musamman da kaka, ba zai rasa ganin masu 'yar na'urar nan ta cirar kuɗi da ake kira POS ba, suna zaune ƙarƙashin laima ko rumfa, masu cinikin masara da dawa da waken suya sun kewaye su. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, cinikin buhuna da dama ya koma rataye a wuyan wannan na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba.

A cikin 'yan sakan ɗin da ake ɗauka kafin ciniki guda ya faɗa, abubuwa da yawa ne ke neman a kula da su a cikin na'urar. Yatsa ya taɓa gilashi, kati ya shiga raminsa, saƙo ya iso daga turken sadarwa, batir yana ba da labarin abin da ya rage masa, agogon ciki yana bugawa, ga kuma 'yar firinta tana jiran a ce ta fitar da rasit. Kowannensu yana kiran masarrafi, alhali kuwa masarrafi guda umarni yake bi ɗaya bayan ɗaya. To, wa za a fara saurara? Wane ne kuma yake yanke wannan hukunci?

Amsar waɗannan tambayoyi ita ce manufar wannan takarda. Za a yi ƙoƙarin nuna abubuwa biyu. Na farko, ma'aunin da ake raba fifiko da shi shi ne gwargwadon haƙurin kowace na'ura, watau tsawon lokacin da za ta iya jira kafin a yi hasara. Na biyu, cikin shekaru hamsin da 'yan kai ikon yanke hukuncin ya taso sannu a hankali daga hannun masu haɗa wayoyi ya koma hannun cibiyar manhaja.

2.0 MA'ANAR WASU KALMOMI

Da yake fannin bai daɗe da shigowa Hausa ba, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi tun tafiya ba ta yi nisa ba.

(a) Masarrafi: ɓangaren kwamfuta da ke karanta umarni yana aiwatarwa.

(b) Manhajar gudanarwa: uwar manhajoji wadda ke riƙe da ragamar kwamfuta, kamar Unix da Windows da Linux da Android.

(c) Cibiya: tsakiyar manhajar gudanarwa, wadda masana ke kira kanel. Ita ce mai iko a kan masarrafi da ma'adanar bayanai da dukkan na'urorin da ke jone.

(d) Katse hanzari: siginar da wata na'ura ke aika wa masarrafi don ya dakatar da abin da yake yi ya saurare ta. Mun aro kalmar daga maganar nan da Bahaushe ke yi in zai tsoma baki a zancen wani, "ba katse maka hanzari ba". Don taƙaitawa za mu riƙa cewa kira.

(e) Mai amsawa: ɗan guntun shirin da ke gudana duk lokacin da wani kira ya shigo. Galibi yana cikin direban na'urar, watau manhajar da ta san yadda ake magana da ita.

(f) Sarkin ƙofa: ɗan guntun lantarkin da ke tsakanin na'urori da masarrafi, wanda ke tattara kiraye-kiraye ya shigar da su bisa tsari.

3.0 DALILIN KATSE HANZARI

Hanya biyu ce kwamfuta za ta iya sanin ko wata na'ura tana da buƙata. Ta farko ita ce zagaye, watau masarrafi ya riƙa leƙa kowace na'ura bi da bi yana tambaya. Misalinta kamar maigida ne da ke barin aikinsa a kai a kai ya fito zaure ya duba ko ya yi baƙo. Ta biyu ita ce ya ci gaba da aikinsa sai ya ji sallama. Masarrafin wayar hannu ta yau yana bugawa sama da sau biliyan ɗaya a sakan, mai saurin rubutu kuwa da wuya ya wuce harafi goma. Ke nan tsakanin harafi da harafi akwai bugu fiye da miliyan ɗari da za su tafi a banza in aka tsaya leƙe. Saboda haka tun cikin shekarun 1950 aka fara ƙera kwamfutoci masu jin sallama, kuma akan ambaci UNIVAC 1103 ta 1953 cikin na farko-farko.

In kira ya shigo, ga yadda al'amarin ke gudana. Na'ura ta ɗaga sigina. Sarkin ƙofa ya rubuta cewa tana jira, ya gwada darajarta da ta abin da ake yi a lokacin. In ta cancanci shiga, masarrafi ya ƙarasa umarnin da ke hannunsa, ya adana alamar inda ya tsaya, ya karɓi lambar kiran, ya duba jadawalin da cibiya ta tanada don ya gano mai amsawar da ke da wannan lamba. Mai amsawa ya yi aikinsa, ya shaida wa sarkin ƙofa cewa an gama, sa'an nan masarrafi ya koma daidai inda ya tsaya. Shirin da aka katse ba ya ma sanin an yi.

Matsala tana tasowa ne a wuri biyu: in kira biyu suka iso tare, da kuma in wani ya iso ana tsakiyar amsa wani. Na farko batun jeri ne, wa zai riga. Na biyu batun ƙwace ne, ko sabon zuwa yana da ikon tsayar da wanda ake saurara. Tsarin fifiko duk a kan waɗannan biyun ya ginu.

4.0 MA'AUNIN FIFIKO

Mutumin karkarar Malumfashi ya san wannan ma'auni tun kafin zuwan kwamfuta. Masarar da ke cikin rumbu ta fi kwandon tumatir kuɗi nesa ba kusa ba, amma in mota guda ce ta samu, tumatir ake fara ɗorawa, domin masara tana iya kwana wata shida, tumatir kuwa kwana biyu ya ishe shi lalacewa. Haka nan in hadari ya taso, shanya ake fara kwashewa kafin a koma kan kowane aiki komai girmansa. Abin da aka duba a nan shi ne wanda jira zai fi yi wa ɓarna.

Bari mu kawo wannan cikin lissafi. Tashar siriyal, wadda ke karɓar bayani bit ɗaya bayan ɗaya, in tana gudu a kan bit 9,600 a sakan, kuma kowane harafi yana cin bit 10, to harafi 960 ke shigowa a sakan, watau harafi guda a kowane milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Guntun 8250 da ke cikin kwamfutar IBM PC ta 1981 mazubin harafi ɗaya tak gare shi. In ba a kwashe harafin ba kafin na bayansa ya kammala isowa, sabon ya hau kan tsohon, tsohon ya tafi ke nan. Faifan ajiya kuwa, ko da yake shi ke riƙe da dukiyar mai kwamfuta gaba ɗaya, in ya gama karanto abin da aka sa shi, bayanin yana nan yana jira, jinkirin milisakan biyar ba ya rage komai sai ɗan sauri. Ashe tashar siriyal ce tumatir, faifai kuwa masara.

Mu ɗauka mai amsawar faifai yana cin milisakan biyu da ƙofa a rufe. A wannan tsakani harafi na biyu zai iske na farko a mazubi, a yi hasarar guda. Magani uku ne: ko a ba tashar ikon ƙwace, ko a gajarta aikin mai amsawar faifai, ko kuwa a ƙara wa tashar haƙuri. Dukkan ukun an bi su. Na ukun shi ne ya haifar da guntun 16550A mai mazubin harafi 16.

Don haka tambayoyi uku ne mai tsara cibiya ke yi game da kowace na'ura: har yaushe za ta iya jira, me za a rasa in wa'adin ya wuce, kuma tsawon wane lokaci mai amsawarta zai riƙe masarrafi. A 1973 masana biyu, Liu da Layland, suka ba wannan fahimta tushe na lissafi. Sun nuna cewa in ayyuka suna maimaituwa a kan lokaci tsayayye, kuma fifikonsu ba ya sauyawa, mafi dacewar tsari shi ne a ɗora wanda ya fi saurin dawowa a sama. Sun kuma nuna cewa muddin jimillar nauyin bai wuce kimanin kashi 69 cikin ɗari na lokacin masarrafi ba, babu aikin da zai saɓa wa'adinsa komai yawan ayyukan.

5.0 ZAMANIN DA FIFIKO KE CIKIN WAYA

5.1 PDP-11 da Unix

Kwamfutar PDP-11 da kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1970 misali ce mai kyau, domin a kanta Unix ta girma a hannun Ken Thompson da Dennis Ritchie. Masarrafinta yana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7, na'urori kuma suna kira ta layuka huɗu masu daraja 4 da 5 da 6 da 7. Allon rubutu yana kan 4, faifai kan 5, agogo kan 6. Wannan agogo da bugun wutar lantarki yake tafiya, sau 60 a sakan a Amurka, sau 50 a ƙasashe masu irin wutarmu ta Nijeriya. An ɗora shi sama da faifai domin bugun da ya wuce ba a ƙirga ba ba ya dawowa. In na'urori biyu suna layi ɗaya, wadda aka jona kusa da masarrafi ita ke riga, saboda izinin shiga yana bin waya ne daga na'ura zuwa na'ura, ta farkon da ke da buƙata ta tare shi.

A nan rabon aiki a fili yake. Mai haɗa waya ne ya ba kowace na'ura matakinta, abin da ke hannun cibiya shi ne ɗaga matakin masarrafi ko sauke shi. In masarrafi yana mataki na 5, duk kiran da ke 5 ko ƙasa sai ya jira. Unix tana da 'yan umarni don haka: spl6 ya rufe ƙofa ga agogo da duk na ƙasa da shi, spl0 ya buɗe wa kowa. Cibiya takan ɗaga mataki in za ta taɓa wani lissafi da mai amsawa shi ma yake taɓawa, don kada a katse ta da aiki rabi a hannu.

5.2 IBM PC da guntun 8259A

Sarkin ƙofar IBM PC shi ne guntun 8259A na kamfanin Intel, mai layi takwas, daga 0 zuwa 7, kuma ƙaramar lamba ita ce babba a daraja. Agogo, mai bugawa kimanin sau 18.2 a sakan, ya sami 0. Allon rubutu ya sami 1, tashoshin siriyal 3 da 4, faifan tafi-da-gidanka 6, firinta 7. Guntun yana riƙe da rajista uku: ta masu jira, ta wanda ake amsawa, da ta waɗanda cibiya ta toshe.

Da layi takwas suka yi kaɗan, sai a 1984 aka ƙara guntu na biyu a kwamfutar PC/AT, aka jona shi ta layi na 2 na guntun farko. Layuka masu amfani suka zama 15. Amma tun da duk kiran guntu na biyu ta ƙofa ta 2 yake shigowa, sai jerin daraja ya koma 0, 1, sa'an nan 8 zuwa 15, sa'an nan 3 zuwa 7. Babban faifai da aka ɗora a kan 14 ya wayi gari sama da tashoshin siriyal. Watau masara ta shiga mota, tumatir na bakin hanya. Masu amfani da modem a shekarun 1990 sun ɗanɗana kuɗar wannan, don haruffa sukan zube in faifai yana aiki, har masu Linux suka riƙa amfani da wani ɗan shiri mai suna irqtune don juya jerin guntun, tashar siriyal ta dawo gaba. Darasin da ke nan shi ne, fifikon da aka dasa cikin waya tarihin ƙira yake bi, ba lalle ne ya dace da buƙata ba.

6.0 KOMAWAR HUKUNCI HANNUN CIBIYA

6.1 Sabon sarkin ƙofa

A farkon shekarun 1990, domin kwamfutoci masu masarrafi fiye da ɗaya, Intel ta fito da tsarin APIC. A cikinsa lambobin kira 256 ne. Na 0 zuwa 31 an keɓe su ga masarrafi da kansa, don kurakurai irin su raba lamba da sifiri. Daraja kuwa daga lambar take fitowa: a raba lambar da 16, abin da ya fito shi ne ajinta, babban aji kuma shi ke gaba. Muhimmin sauyin shi ne, cibiya ce ke zaɓar lambar da za a ba kowace na'ura, da kuma masarrafin da za a kai wa kiran. Daga baya ma aka daina dogara ga waya ta musamman. A tsarin MSI na'ura saƙo take rubutawa a wani adireshi, a tsarin MSI-X kuwa na'ura guda tana iya mallakar kira har 2,048.

Cibiya tana gane abin da ke jone ne lokacin tashi. A kwamfutocin tebur takan karanta jadawalin ACPI da maƙera suka ajiye, a wayoyi da ƙananan na'urori kuwa takan karanta wani bayani da ake kira bishiyar na'urori. Daga nan direban kowace na'ura ya zo ya yi rajistar mai amsawarsa. Samun wannan iko ya sa manyan manhajoji biyu suka ɗauki hanyoyi mabambanta.

6.2 Hanyar Windows

Windows NT, wadda ta fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, tsohon ma'aikacin DEC, ta gaji tsarin matakai. Ana kiran matakin IRQL. A masarrafi mai bit 32 matakai 32 ne, a mai bit 64 kuwa 16. Shirye-shiryen yau da kullum suna gudana a 0. Mataki na 2 na mai rabon lokaci ne da ayyukan da aka jinkirta. Na'urori suna sama da wannan, agogo yana sama da su, sa'an nan kiran da masarrafi ke yi wa ɗan'uwansa. Kowane mataki da dokokinsa. Alal misali, shirin da ke mataki na 2 ko sama ba shi da damar neman bayanin da aka sauke zuwa faifai, domin hakan na bukatar jira, shi kuwa ya riga ya rufe wa mai rabon lokaci ƙofa. Direban da ya karya wannan doka shi ne galibi ke jawo shuɗin allon nan mai ɗauke da rubutun IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wanda masu gyaran kwamfuta a Kano da Zariya suka sani sarai.

6.3 Hanyar Linux

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta ɗauki wata dabara. Maimakon ta jera na'urori bisa matakai, sai ta raba kowane amsawa gida biyu. Kashin farko gajere ne ƙwarai: a shaida wa na'ura an ji ta, a kwashe abin da zai iya zubewa, a fita. Sauran aikin a bar shi ga kashi na biyu, wanda ke gudana da ƙofa a buɗe. Tun fitowar Linux 2.6.35 a 2010, kashin farko na kowace na'ura da ƙofa a rufe yake gudana, babu mai ƙwace wa wani. Hujjar ita ce, in kowa zai yi sallama ya faɗi buƙatarsa a taƙaice ya koma gefe, jerin shiga ba ya da wani nauyi, kuma an huta da haɗarin kira ya hau kan kira har wurin adana alamomi ya cika.

To, ina fifikon ya tafi? Ya koma kashi na biyu. Akwai jerin ayyukan jinkiri guda goma da ake bi a tsare, inda na agogo ke gaban na sadarwa, na sadarwa kuma ke gaban na faifai. Bugu da ƙari, tun Linux 2.6.30 ta 2009 ana iya mai da amsawa ta zama zare, watau ɗan aiki mai zaman kansa da mai rabon lokaci ke tsarawa kamar sauran ayyuka. Irin wannan zare yana farawa da daraja 50 a ma'aunin 1 zuwa 99, mai kula da na'ura kuma yana iya ɗaga shi ko sauke shi ba tare da ya taɓa waya ko ɗaya ba. Tsarin PREEMPT_RT, wanda ke mai da kusan dukkan amsawa zare, ya shiga uwar Linux a fitowa ta 6.12 a 2024.

7.0 KOMAWA DAYI

Yanzu sai mu koma ga na'urar da muka baro ƙarƙashin laima. Da yawa daga cikin na'urorin POS masu gilashin taɓawa Android ke tafiyar da su, Android kuwa a kan cibiyar Linux aka gina ta, masarrafinsu kuma na gidan ARM ne. Sarkin ƙofar ARM ana ce masa GIC. Lambobinsa na 0 zuwa 15 na kiran masarrafi ga masarrafi ne, 16 zuwa 31 na abin da ya keɓanta ga kowane masarrafi kamar agogonsa, daga 32 zuwa sama kuwa na na'urorin tarayya. Kowane kira yana da gurbin daraja, ƙaramar lamba ce babba. Amma abin lura shi ne, Linux daraja guda take rubuta wa dukkan na'urorin yau da kullum, ta bar bambancin ga kashi na biyu kamar yadda aka bayyana.

Sai dai akwai ayyukan da haƙurinsu ya yi ƙaranci ainun. Firintar rasit da zafi take rubutu, in aka bar kan nata a kunne fiye da ƙima takarda ta ƙone ko kan ya lalace. Katin banki yana da ƙa'idojin lokaci da ba a saɓawa. Lambar sirri kuma tilas a kare ta in wani ya yi yunƙurin fasa na'urar. Saboda haka maƙera sukan ɗora irin waɗannan a kan wani ƙaramin masarrafi na dabam. A ƙananan masarrafai na jinsin Cortex-M tsarin matakai da ƙwace yana nan daram. Uku na ƙoli a kafe suke: sake tashi, kiran da ba a iya toshewa, da babban kuskure. Sauran kuwa mai rubuta shiri ne ke ba su lamba, kuma a Cortex-M0 matakai huɗu kacal gare shi. Ke nan a cikin tafin hannun mai POS hanyoyin nan biyu suna zaune tare, ta zamanin PDP-11 da ta Linux.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Ɗalibanmu na injiniya da kimiyyar kwamfuta a Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-ma, in sun tashi ƙera ma'aunin buhu na lantarki, ko na'urar sarrafa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, ko ta ƙyanƙyasar ƙwai, da irin waɗannan ƙananan masarrafai za su yi aiki, kuma babu wata cibiya da za ta yanke musu hukunci. Wanda ya ɗora allon nuna lamba sama da siginar da ke cewa wuta ta yi wa injin famfo yawa, don kawai allon ne mai saye ke gani, to ranar da rijiya ta ƙafe ko injin ya cije, manomi ne zai biya kuɗin kuskurensa.

8.0 HAƊURRAN DA KE TATTARE DA FIFIKO

Haɗari na farko shi ne yunwa, watau na sama ya yi ta kira har na ƙasa ya rasa shiga. Layin sadarwa mai gudun gigabit ɗaya yana iya kawo ƙananan ƙunshin bayani kusan miliyan ɗaya da rabi a sakan. In kowane ƙunshi zai katse hanzari, kuma mu ɗauka kowace amsawa tana cin maikirosakan biyu, to ana bukatar kusan sakan uku don aikin sakan ɗaya. Kwamfuta sai ta ƙare a amsa sallama, ba ta ko iya duba abin da baƙin suka kawo. Mogul da Ramakrishnan sun yi bayanin wannan cuta a 1996. Maganin da Linux ke amfani da shi, mai suna NAPI, shi ne in kira na farko ya shigo a toshe layin, a koma zagaye ana kwasa da yawa-yawa, sai kasuwa ta lafa a sake buɗewa. Ashe zagayen da aka raina yana da ranarsa.

Tarihi ya nuna amfanin kyakkyawan jeri a irin wannan hali. Ranar 20 ga Yuli, 1969, kumbon Apollo 11 yana sauka a kan wata, siginoni marasa amfani daga wata na'urar rada suka riƙa cin lokacin kwamfutarsa har ta yi ƙararrawar 1202 da 1201. Da yake an tsara manhajar bisa fifiko, sai ta zubar da ƙananan ayyuka ta riƙe na tuƙi, aka sauka lafiya.

Haɗari na biyu shi ne kifewar fifiko. Ƙaramin aiki ya riƙe makullin wani abu, babban aiki yana jiran makullin, matsakaicin aiki kuma ya hana ƙaramin samun lokacin da zai gama ya saki. Sakamakon haka matsakaici ya danne babba. Wannan ya faru ga kumbon Pathfinder bayan saukarsa a duniyar Mars a Yulin 1997, inda kwamfutarsa ta riƙa sake tashi da kanta. Injiniyoyi suka gyara daga nan duniya ta hanyar kunna gadon fifiko, watau mai riƙe da makulli ya ari darajar mai jiransa har ya saki. Ko da yake wannan tsakanin ayyuka ya faru, ya shafi batunmu, domin da zarar amsa kira ta zama zare ta shiga sahun masu kamuwa da wannan cuta.

9.0 KAMMALAWA

An ga yadda a zamanin PDP-11 da IBM PC waya ce ke ba na'ura matakinta, cibiya kuwa ɗagawa da saukewa kawai take yi. An ga yadda APIC da GIC suka miƙa wa cibiya ikon ba da lamba, Windows ta riƙe matakai, Linux ta gajarta amsawa ta mai da fifiko hannun mai rabon lokaci. A duk waɗannan sauye-sauye ma'aunin bai canja ba.

Shawarar da za a bayar ga malamai masu koyar da wannan darasi ita ce, kafin a sa ɗalibi haddace lambobin layuka, a sa shi ya zana jadawali mai gida uku ga kowace na'urar da ke cikin aikinsa: wa'adin jiranta, hasarar da saɓa shi zai jawo, da tsawon amsawarta. Sa'an nan a buɗe masa fayil ɗin /proc/interrupts a kowace kwamfuta mai Linux, ya ga da idonsa yawan kiran da kowace na'ura ta yi tun tashin kwamfutar. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan kuwa, irin su cibiya da sarkin ƙofa da mai amsawa, shawara ce aka gabatar, ana fatan masana harshe da ke wannan taro za su tace su, su gyara inda ya kamata.